Noma ne ko kiwo? Neman Hausar sericulture

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina fassara labarin ƙauyukan Gunma a Japan, inda tsofaffi ke kewar sana'ar da ta riƙe gidajen iyayensu, sai kalmar sericulture, wato sana'ar samar da zaren siliki daga tsutsa, ta tsaya mini. Wani ya ce in sa "noman siliki" in wuce. Ban yarda ba.

2/ Gona dai akwai, ta bishiyar malberi, don ganyenta tsutsar ke ci. Amma ainihin aikin a gida yake, galibi a saman bene: a yanko ganye, a zuba, a kwashe kashi, a kula da sanyi da zafi dare da rana, kusan wata guda kafin ta naɗe kanta da zare. Duk wanda ya taɓa rainon 'yan tsaki ya san sunan wannan wahala. Su kansu Japanawa, kalmar da suke ƙirga shanu da dawakai da ita suke ƙirga tsutsar, har okaiko-sama suke ce mata don girmamawa. Kiwo ne.

3/ Wata malama ta kawo "kiwon tsamiya", kuma na ji daɗin tunawar, don zaren tsamiya namu ne, da shi ake aikin wuyan babbar riga. Sai dai tsutsar tsamiya a daji ake tsinto gidanta, ba mai ciyar da ita. Ta Japanawa kuwa ko tashi ba ta iya yi idan ta yi fiffike; in mutum ya saki hannu, ta ƙare.

4/ Saura siliki ko alharini. A kasuwa yau duk yadi mai sheƙi siliki ne, ko da na roba ne, alhali zaren roba yana cikin abubuwan da suka durƙusar da sana'ar, tare da arhar zaren Sin da tsufan masu yin ta. Alharini kuwa shi ne wanda ayari ke ratso Sahara da shi zuwa Kano, sunansa bai gauraya da na komai ba.

5/ A 1929 gidaje sama da miliyan 2 ke wannan kiwo a Japan. Yau ba su kai 200 ba. Masana'antar zare ta Tomioka da ke Gunma, wadda aka buɗe a 1872 ta koma wurin ziyara, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2014.

6/ Ni dai na rubuta "kiwon tsutsar alharini". Gidan da take naɗe kanta a ciki ne har yanzu ban tsayar ba: ƙwanso, ko kuna da wadda ta fi?