Dokta Ponseti da ƙafafun yaranmu: wa ya bi ta wannan hanyar?

Maman Biyu: Jama'a dan Allah mu ɗan tuna da Dokta Ignacio Ponseti, likitan ƙashi ɗan Sifen da ya yi aiki a jami'ar Iowa ta Amurka, ya rasu 2009 yana da shekara 95. Duk jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki aka gyara ba a yi babbar tiyata ba, to galibi hanyarsa aka bi. Nawa yaron haka ya zo, ƙafafun duka biyun, na yi kuka har na gode Allah, yanzu kuwa sai na yi da gaske nake kamo shi. Kowa ya faɗi nashi.

Baban yarinya: Mu duk sati muke komawa, likita ya ɗan murza ƙafar da hannu a hankali sannan a sa siminti tun daga yatsu har cinya, wani satin a cire a sake. Da aka ce za a ɗan tsaga agara hankalina ya tashi sosai, ashe abin 'yan mintuna ne.

Wani ɗan uwa: Ni babba ne, tsohuwar tiyatar aka yi min ina ƙarami. Ƙafar ta miƙe amma a sandare take, in na daɗe a tsaye sai ciwo. Irin abin da Dokta Ponseti ma ya riƙa gani kenan a waɗanda aka yi wa aiki, ya sa ya nemi wata hanya, alhali shi kansa likitan tiyata ne. Wlh ina taya yaranku murna.

Ma'aikaciyar jinya: Abin da ke ci min rai, tun 1963 ya wallafa sakamakonsa amma likitoci suka share shi shekaru da yawa, sai wajen ƙarshen shekarun 1990 iyaye suka dinga yaɗa labarin a intanet suna kai masa yara. Inda nake ganin ana samun matsala shi ne takalmin nan mai sanda a tsakani da ake sa wa yaro bayan an gama siminti, iyaye sai su ga ƙafa ta miƙe su ajiye shi, ƙafa kuma ta koma.

Sabuwar uwa: Yaya, mu yanzu muka fara takalmin kuma kuka yake sosai, har yaushe ne?

Ma'aikaciyar jinya: Sannu ƙanwata, zai saba. Wata ukun farko awa 23 a rana, daga nan lokacin barci kawai har ya kai shekara 4 zuwa 5. Ki dinga duba dunduniyar, in kika ga ja ko ƙuna ki koma asibiti a gyara ɗaurin, kar ki cire da kanki ki ajiye.