Dutse ya gangaro bayan gidana, a yi katanga ko a tashi?

Mazaunin_Mpape:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Gidana a gindin tsauni yake nan Mpape, shekaranjiya bayan ruwan dare wani dutse kamar girman buhun masara ya gangaro ya fasa min randa a bayan kicin, daidai inda yara ke wasa da rana. Na hau na duba sai na ga wani babba a sama ƙasan da ke riƙe da shi duk ta zaizaye, ga ruwan sokawe na gidan da ke sama yana tsiyaya ta gindinsa ko ba a yi ruwa ba. Wallahi barci ya ƙaurace min. Katangar bulo za ta tare shi?

Birkila:
Malam bulo ba zai tare wannan ba, kar ka ɓata kuɗinka. Kuma kar ka yarda a ƙara haƙa gindin tsaunin don faɗaɗa fili, wannan shi ke kwance komai. In za a yi katanga sai ta kankare da rodi, a bar mata ƙofofin fitar ruwa da bututu, ko a yi kejin waya a cika shi da duwatsu. Amma injiniya ya fara gani tukuna.

Umman_Yara:
Innalillahi. Ɗan'uwa ni maganar ruwan nan ce ta tsorata ni fiye da dutsen. Abin da ya faru a Duwaiƙa ta Alƙahira ke nan a watan Satumban 2008, ruwan ƙazanta na gidajen da ke sama ya yi ta jiƙa dutsen Muƙaɗɗam shekara da shekaru har manyan ɓangarori suka rufto kan gidaje da safe, sama da mutum 100 suka rasu, kuma ranar ko ruwan sama ba a yi. Ka je wajen maƙwabcin nan yau ba gobe ba, da mai unguwa, a gyara sokawen a ja gwata ta kai ruwan gefe. Yaran kuma a mai da su ɗakin gaba.

Ɗan_Kamaru:
Mu ma a Bafusam a 2019 ƙasa ta zaftare cikin dare bayan ruwa mai yawa, mutum sama da 40 suka mutu suna barci. Ka sa ido kan tsagewa sabuwa a ƙasa ko bango, ƙofa ta fara cijewa, bishiya ko falwaya ta karkace, ƙananan duwatsu na zubowa. In ka ga haka ana ruwa ku fita kawai, kaya sa biyo baya.

Mazaunin_Mpape:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Iyali sun tafi wajen yayata yau da yamma. Wani ya ce in kira masu fasa dutse su sa masa nakiya, ya kuka gani?

Birkila:
A'a, nakiya a tsakiyar gidaje? Girgizar ma sai ta kwance na kusa da shi. Da guduma da kurfi ake rage shi kaɗan kaɗan daga sama, bayan an kwashe mutanen ƙasa.