"Amarya ba kya laifi ko kin kashe ɗan masu gida": har zuwa yaushe?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Rigima aka yi a wani gida a layinmu. Amaryar wata biyu ta ƙona abincin dare, uwargida ta yi magana, sai surukarsu ta ce amarya ba ta laifi ko ta kashe ɗan masu gida. Uwargida ta ce ai wa'adin wannan magana ya wuce tuntuni. To wai wa'adi gare ta?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumussalam. A shari'a budurwa kwana bakwai, bazawara uku, sai a koma rabon kwana. A da cikin kwanakin nan ba ta taɓa muciya, daga ɗakin uwargida ko na suruka ake kai mata abinci. Ran da ta kama girki ta shiga sahun masu laifi.

Yaya Balaraba: Allah gafarta Malam, kirari ne fa, ba hukunci ba. Mata ke yin sa da guɗa don yarinya ta daina kuka.

Jikar Hajjo: Ni gatse nake jin sa. Kakarmu daga wani ƙauyen Gaya aka kawo ta Fagge zamanin dalar gyaɗa, da 'yar zaman ɗaki guda da kwallayen jere. A gidansu tuwon mutum biyar ta saba, nan ko gidan gandu ne, baki ya fi ashirin. Ranar girkinta uwargida ta auna mata dawa ta juya baya. Ta surfa, ta bakace, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe, duk daidai. A talge ta faɗi. Tsakin ake damawa a zuba a tafasasshen ruwa, a bar shi ya nuna har ya yi kauri, sannan a riƙa barbaɗa gari ana tuƙawa, a rufe ya silala kafin a kwashe da mara. Ita ko da ta ga magariba ta kawo jiki, sai ta juye garin gaba ɗaya kan ɗanyen talge. Babbar tukunya ba ta yafe wannan: tuwo ya yi gudaji, ƙasa ta kama, wanda ya kwana ya saki ruwa.

Jikar Hajjo: Surukar ta gutsura a gaban kowa ta ce, "Ai amarya ba ta laifi." Facaloli suka tuntsire da dariya. Washegari da asuba ita dai surukar ta tsaya a kanta har ta iya. Amma Mai Gudaji ake kiranta a gidan har ta aurar da jikoki.

Ɗan Tasha: Kamar waɗanda muka zaɓa ke nan. Shekara biyu a kan kujera, ana ce mana a yi haƙuri bai gama buɗar kai ba.

Yaya Balaraba: Waɗannan ai gararsu ma mu muke kai musu!

Malam Na-Zaure: Ku dawo kan magana. Jikar Hajjo, abin da surukar ta yi sutura ce. Da ta yi faɗa a ranar, da yarinyar ta yi yaji tun kafin lallenta ya goge.

Jikar Hajjo: Suturar da ta bar mata suna, Malam?

Uwargida Ran Gida: Ba wanda ya tambayi ɗan wa aka kashe. In ka duba, na uwargida ne.

Ɗan Tasha: Tab! An taɓo Hajiya.

Maman Hanifa: Jikar Hajjo, tukunna, ita wannan dawar ja ce ko fara? Kuma ana sa kanwa a talgen?