Marasa lafiya suna yanke zuwa kafin magani ya kammala: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Na koyi maganin tsira allura irin na ƙasar Sin, wato soka siraran allurai a wasu wurare na jiki, a birnin Gwanzu da ke can ƙasar, kuma na buɗe ƙaramin wurin jinya a Kano, inda akasarin masu zuwa ke fama da daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa.

Matsalata ita ce mutane ba sa dawowa. Irin wannan ciwo yana buƙatar zama da dama a jere cikin makonni, ana barin alluran a jiki kamar minti 20 zuwa 30 a kowane zama, amma da yawa suna zuwa da tunanin ƙahon wanzami, wanda ake yi sau ɗaya a tafi. Wani dattijo ya ɗaga allurar yana juya ta, da ya ga siririya ce kuma babu ruwan magani a cikinta, sai ya ce, “Ɗana, wannan ce za ta warkar da ni?” Bai sake zuwa ba.

Alluran kuwa daga waje ake shigo da su, sau ɗaya ake amfani da kowace a zubar, ga kuɗin haya da na wuta. Na yi tunanin karɓar kuɗin zaman gaba ɗaya tun farko tare da rangwame, sai dai zuciyata ba ta natsu ba, domin ba kowa ne maganin yake yi wa aiki ba, kuma ba zan yi alkawarin waraka ba.

Don Allah, 'yan'uwa masu irin wannan sana'a, yaya kuke tsara biyan kuɗi? Idan mutum ya biya duka amma bai ga sauƙi ba, kuna mayar masa da ragowar ne?