Manhajata tana ninka ciniki, ya zan gwada ta?

Ɗan Kurna: Salam 'yan uwa, na haɗa wa wani ɗan Kantin Kwari manhajar lissafi, a wayata lafiya lau amma a tasa da netwok ya ɗauke sai ciniki ya shiga sau biyu, wallahi abin ya dame ni.

'Yar Gwale: Malam kashe data ana tsakiyar turawa ka gani, sannan kowane ciniki ka ba shi lambarsa yadda saba, wato kwamfutar da manhajar ke tura wa bayanai, ba za ta karɓi lamba ɗaya sau biyu ba.

Na Hotoro: Je Farm Center, kasuwar wayoyi ta Kano, ka samo tsohuwar Itel, a kanta ake gwajin gaske. Appium, wato manhajar gwada manhajojin waya, zai riƙa maimaita maka danne-dannen.

Ɗan Kurna: Ai AI ce ta rubuta min gwajin, duk ya wuce.

'Yar Gwale: Karanta shi da kanka, ƙila ba ta gwada ɗaukewar netwok ba sam.