Rumfar shanu: iska, daɓe da inda fitsari zai bi

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Shanu goma sha biyu gare ni, yawancinsu na tatsa, kuma ina son yi musu rumfa ta dindindin. Wadda suke ciki yanzu kwanonta ya yi ƙasa. Da azahar sai ka tarar suna haki, yawu na zuba, abinci a gabansu amma ba mai taɓawa. Abin yana ci min rai. Ta ina zan fara?

Magini: Wa alaikumus salam. Malam, fara da iska kafin ka sayi bulo ko ɗaya. Bakin rufin ya tashi kamar mita 4 daga ƙasa, gefuna a buɗe, kada ka kewaye su da bango. A can ƙololuwar rufin ka bar tsaga, santimita 5 ga kowane mita 3 na faɗin ginin. Iska mai zafi sama take yi, in ta sami kafa sai ta fice ta jawo mai sanyi ta gefe, ba fanka ba janareta. Tsawon ginin ya miƙa daga gabas zuwa yamma, kwanon kuma a shafa masa farin fenti.

Tsohon makiyayi: Ɗana, a nan zan ɗan ja da magini. Na yi gabas da yamma, inuwa kam ta samu, amma ƙasan bai taɓa bushewa ba tunda rana ba ta leƙawa. Kofato suka fara ruɓewa.

Magini: Gaskiya ne Baba. Amma maganin wannan a daɓe yake.

Likitar dabbobi: Ƙwarai. A karkata daɓen kaɗan, santimita 2 ko 3 a kowace mita, zuwa magudana, yadda fitsari ba zai kwanta ba. Kuma don Allah kada a goge simintin ya yi sulɓi, a ja masa layuka tun yana ɗanye. Na taɓa ganin saniya mai tsohon ciki ta zame ƙafafunta suka wage, ba ta sake tashi ba. Wurin kwanciya daban, busasshe, da yashi ko garin katako, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke jawo ciwon hantsa.

Wata mai kiwo: Ni ruwan sama nake jin takaicin asararsa. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 100 zai ba ka lita 2,000 a ruwan milimita 20. Sa indararo da tanki. Sai dai saniyar tatsa tana iya shan lita 100 a ranar zafi, saboda haka tallafi ne kawai, kada ka saki rijiyarka.

Tsohon makiyayi: Kashin fa? Kada a bari ya gangara kusa da rijiyar nan.

Likitar dabbobi: A tara shi a rufaffen rami na iskar gas, a sami wutar girki, ragowar kuma taki ne mai kyau. Amma kowa ya ji: ba a shiga ramin kashi, iskar cikinsa tana kisa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Magini, tsagar saman nan ba za ta zubo musu da ruwa ba?

Magini: Kaɗan ne ke shiga. Ka daidaita ta a kan hanyar wucewa, ba kan makwanci ko kwamin abinci ba. Turo min faɗin filin in zana maka.