Laimar rokarmu tana kai ta unguwar maƙwabta

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yaran kulob ɗinmu sun haɗa rokar ruwa da gorar lemo mai lita 1.5, muna ɗura mata iska da famfon keke. Tashi lafiya lau, saukowa ce matsala. Laimar saukowa (parachute) ta leda muka saka, faɗinta santimita 80. Wani lokaci ta ƙi buɗewa, in kuwa ta buɗe iska ta kwashe ta har bayan katangar makaranta. Me za mu canza?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Laimar ta yi wa gorar yawa. In ruwa ya fita ai rokar ba ta da wani nauyi, ga iskar hunturun Jos. Rage ta zuwa 50, ka yanke rami a tsakiyarta, faɗinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗin laimar. Iska za ta riƙa fita ta nan, rokar ta daina lilo, ta sauko kusa da inda ta tashi.

Baban Ilham: Injiniya, a yi hattara da ragewar nan. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba. Laima ɗaya za ta fi saurin faɗowa a nan, kuma ƙasarmu duk dutse.

Injiniya: Gaskiyarka, amma bambancin kaurin wajen kashi 10 cikin 100 ne, a saurin faɗowa ma bai kai haka ba. Gara hancin rokar, wato murfin samanta mai tsini, ya lotse a gyara da roka ta maƙale a kan wayar lantarki.

Anti Tela: Malam, bar leda. Da sanyin safiya takan manne da kanta, musamman in ta kwana a naɗe. Nemi tsohuwar laimar ruwan sama, 'yan gwanjon kasuwar Katako ba sa rasawa, ka cire yadin daga ƙarafan. Yanka takwas ne da ita, kowane baki ka ɗaura zare ɗaya, tsawonsu daidai wa daida. In ka rage yadin ka bi gefen da wutar kyandir sama-sama don kada ya zare. In dole sai ledar, barbaɗa mata hoda, kuma a naɗe ta dab da harbawa.

Malamin Kimiyya: Allah ya saka, Anti. Zaren fa? Yana murɗewa.

Baban Ilham: Sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa na masu fatsa tsakanin zaren da rokar. Sannan ka haɗa da roba mai tsawon rokar sau biyu, ita za ta shanye fizgar buɗewa.

Injiniya: Ƙin buɗewa kuma yawanci hancin da ke rufe laimar ne ya matse. A zaune kawai ake son sa, yadda in ka kifa rokar zai zame da kansa. Gwada a hannu kafin ka ɗura iska. Kuma gorar lemo mai gas kaɗai, banda ta ruwan sha, yara su ja baya.

Anti Tela: A sanar da mai unguwa ma. Garin nan abu ya yi ƙara ya tashi sama, kafin ka yi bayani an taru.

Malamin Kimiyya: Za a yi. Asabar da sassafe za mu gwada, kafin iska ta taso. Anti, zan aiko yaro da yadin.

Anti Tela: Ya zo kafin azahar, ina da ɗinkin biki.